Fina-finan da Yayan Mijina Ya Kawo

Ban taɓa son yayan mijina ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce zuwansa gidana ne ya fara ɓata tsakaninmu ba. Tun yana Sudan jininmu bai haɗu ba. In ya bugo waya, sai ya yi ta yi wa ƙaninsa bayanin duniya kamar malami da ɗan aji ɗaya, shi kuma mijina yana riƙe da wayar da hannu biyu yana cewa, "Haka ne, Yaya. Gaskiya ne, Yaya." Ni ina gefe ina cizon leɓe. Amma ƙin mutumin da ke nesa abu ne mai sauƙi. Sai da yaƙi ya koro shi daga Hartum, ya shigo Makka da bizar umara da jaka ɗaya, ya sauka a falona a unguwar Utaibiyya, sannan na san abin da ake kira zama da wanda ba ka so.

Iyayensu mutanen Kano ne. Sun taso da niyyar aikin hajji, suka bi ta Cadi, suka yi shekaru a Sudan suna noma suna tara guzuri. Da za su ƙaraso Makka, ƙaramin suka riƙo, wato mijina. Babban aka bari a can saboda yana makaranta kuma an ce yana da kai. Ya karɓi takardun Sudan, ya yi ta ci gaba har aka tura shi Cekoslobakiya karatun injiniya, a zamanin da 'yan gurguzu ke mulkin ƙasar. Shekara shida ya yi a Firag, babban birninsu. Mijina kuwa bai gama firamare ba. Shi ya yi jinyar uwarsu, ya yi ta ubansu, ya binne su duka biyun. Ya koyi gyaran bas a wani gareji a unguwar Kudai, kuma tun kafin a haifi 'ya'yanmu yake ƙarƙashin kafili ɗaya, mutumin da katin zamanmu a ƙasar nan yake hannunsa.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo. Mazan 'ya'yana biyu sun yi aure suna Jidda, saura autarmu mace, a lokacin tana da shekara goma sha tara. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta dawo gida ta zauna, domin gaba da nan ba hanyar baƙi irinmu ba ce sai an yi mana alfarma. Ni ina ɗinkin hijabai, wani mai kanti yana karɓa yana sayar wa alhazai, ita kuma tana yi mini guga da ninki. Yarinya ce mai shiru. Ban taɓa jin ta ɗaga wa ubanta murya ba.

Da Yaya ya iso, ya rame, ciwon suga ya cinye shi, rigarsa tana rawa a jikinsa. Na ji tausayinsa, Allah ya sani. Na shimfiɗa masa katifa a falo, na ware masa kofi da faranti. Ya ce takardun karatunsa duka sun ƙone ko an kwashe, bai sani ba. Abu biyu kawai ya fito da su a rataye a wuyansa cikin wata 'yar jakar leda: fasfo, da wata 'yar na'urar ajiya baƙa, ba ta fi kwalin ashana ba. Na ɗauka hotunan 'ya'yansa ne a ciki.

Bai yi sati biyu ba, wata rana bayan la'asar ina kan keken ɗinki a ɗaki, sai na ji wani yare yana fitowa daga falo, wanda ban taɓa ji ba, duk da kuwa a Makka babu harshen da kunnena bai saba da shi ba. Na fito. Ya cusa na'urar a bayan talabijin ɗinmu. Wata yarinya Baturiya ce da guntun siket, zaune a matakalar wani dogon bene, tana busa taba.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Fim ne."

"Na ga fim ne. A Makka?"

Bai ko juyo ba, ya ce, "Talabijin ɗin bai san a Makka yake ba."

Da mijina ya dawo na gaya masa. Ya zauna yana goge baƙin mai daga farcensa, ya ce, "Mutum ya rasa gidansa, ya rasa komai. Ki bar masa abin da ya rage masa." Na ce to, amma da sharaɗi, kada in ga abin da ido bai kamata ya gani ba a falona. A nan dai zan yi masa adalci, ya kiyaye. Ya san fina-finan nan kamar yunwar cikinsa, kafin a zo wurin rungume-rungume ya riga ya danna ya wuce.

Sun kai talatin, duk na shekarun da ya yi a can ne, wani abokinsa ya tattara masa su tun da daɗewa. Ban taɓa zama na kalli ɗaya daga farko har ƙarshe ba, amma tsakanin kicin da ɗaki na ga abin da ya ishe ni. Ba waƙa, ba rawa, ba faɗa na kirki, ba mai kuɗi ko ɗaya. Sama kullum toka-toka. Samari da 'yan mata ne kawai, dogayen gashi, tsofaffin riguna, suna zaune a bakin titi suna jiran mota, ko an kwashe su daga makaranta an kai su gona suna tonon dankali cikin taɓo, wani babba da jar takarda a hannu yana yi musu jawabi suna hamma. Su hau bene su zauna. Su sauko su zauna. Sai ka ga rubutu ya fara hawa, wai fim ya ƙare, ba a yi aure ba, ba a kama ɓarawo ba, ba wanda ya tuba.

Da rashin daɗin ne kaɗai, da na haƙura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyayen. A duk fina-finan nan ban ga uba ɗaya mai mutunci ba. Uba zai dawo daga aiki, ya cire riga ya zauna da singileti, ya sa kai a kwanon miya. Ɗansa ya buɗe baki zai yi magana, ya ce masa ya rufe taga kada maƙwabta su ji. Uwa kuma tana tsaye a layin kanti da jaka, ko tana wanke-wanke ta juya baya. Malaman makaranta suna karanta abin da aka rubuta musu, su kansu ba su yarda da shi ba. Yaran kuwa akwai wani kallo da suke yi wa manya, ba na fushi ba, kallon wanda ya gama auna ka ya ga ba ka cika mudu ba. Duk yadda aka sauya fim, aka sauya fuska, kallon nan yana nan.

'Yata da shayi ta fara. Ta kai masa, ta tsaya da faranti a hannu tana kallo. Bayan kwana biyu ta ɗosana a hannun kujera. Kafin wata ya cika, da an yi sallar la'asar sai ta ninke hijabai da sauri ta nufi falo. Ita haihuwar nan ce, Larabci ya fi zama a bakinta, in na yi mata Hausa da Larabci take amsa mini. Shi kuma ya ce ba zai fassara mata da Larabci ba, in tana so ta ji, ta ji da harshen kakanninta. Haka nan a watannin nan Hausarta ta miƙe, abin da na yi shekara goma sha tara ina fama ban samu ba. Ko wannan ma haushi ya ba ni.

Yakan tsayar da fim ya yi mata bayani. Ina jin su daga ɗaki.

"Kin ga tutocin nan? Ranar bikin gwamnati kowa sai ya fito ya ɗaga, yana murmushi. In an koma gida a jefa ta bayan kabad. In ubanki bai fito ba, an rubuta sunansa, ke kuma kin rasa jami'a."

"To, Baffa, ba wanda yake ƙi?"

"Akwai. Injiniya ne yau, gobe yana hura wutar tukunyar ɗumama gidaje. Sauran sun gani, sun iya bakinsu."

"Yaran fa?"

"Yaran sun san iyayensu sun san ƙarya ce. Shi ke nan fim ɗin."

Na yi mata magana, na ce aiki yana jiranta. Ta ce ta gama, kuma ta gama ɗin. Na ce waɗannan ba tarbiyyarmu ba ce. Ta ce, "Ummi, ai ba komai suke yi ba, zama kawai suke yi." Na sake kai ƙara wurin ubanta, ya ce yarinya tana zaune da baffanta a cikin gida, ina laifin? Da waje take fita fa?

Akwai wani fim da suka fi maimaitawa. A ciki akwai wurin da ake cin abinci a kan tebur mai koren mayafi. Uban yana riƙe da cokali, 'yarsa ta miƙe tsaye ta faɗi wata magana gajeriya, cokalin ya tsaya a iska. Ranar da na fara ganin wurin, na fito ɗaukar almakashi ne. Na ji Yaya ya fassara, a hankali, yana rarrabe kalmomin:

"Ta ce, Baba, shekara ashirin kana cewa to. Me to ɗin nan ta saya mana?"

'Yata ta haɗe gwiwoyinta ta rungume.

A wannan lokacin kafilin mijina ya yi alkawarin zai yi magana da wani da ya sani, a samar mata gurbi a wata makarantar koyon aikin jinya. Alkawarin ya shekara. Kullum in mijina ya tuna masa, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe in Allah ya so. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna cin shinkafa a faranti ɗaya, mijina ya ce ya sake yi masa magana, ya ce a bari sai bayan hajji.

Na ce, "Allah ya kai mu."

Mijina ya ce, "Na ce masa to."

Sai na ji muryar 'yata, da Hausa tsantsa, ba kalmar Larabci ko ɗaya: "Baba, shekara nawa ke nan kana cewa to?"

Hannun mijina yana cikin shinkafa. Ya zare shi a hankali, ya karkaɗe, ya tashi ya tafi wanke hannu, bai dawo ba. Na dubi yarinyar, sai na ga kallon nan na talabijin a fuskarta, a cikin gidana. Na ɗaga hannu zan mare ta, ban san me ya riƙe ni ba. Yaya kuwa ya ci gaba da cin abincinsa, idonsa a faranti, yana tsince ƙashi daga nama.

Tun daga ranar na jawo keken ɗinkina bakin ƙofa. Na daina bi ta falo da sauri. Ina ɗinki, kunnena yana wurinsu. Ban san me nake nema ba, na dai san mutumin nan yana yin wani abu a gidana da gangan.

Allah ya kawo mini shi cikin sauƙi. 'Yata ta tafi Jidda kwana uku, matar yayanta ta haihu. Wani tsoho Basudane, abokin Yaya tun suna samari, ya zo gaishe shi. Suka sha shayi, suka yi hirar wanda ya mutu da wanda ya tsira, sai Yaya ya ce bari ya nuna masa garin da ya yi karatu. Ya sa fim ɗin nan. Ina bakin ƙofa aka zo wurin koren mayafi. Yarinyar ta miƙe, ta yi maganarta, cokali ya tsaya. Baƙon ya ce me ta ce? Yaya ya amsa masa da Larabci, ko a jikinsa:

"Cewa ta yi ba za ta bi su gidan kakarta ranar Asabar ba, za ta fita da ƙawayenta."

Ƙafata ta tsaya a kan keken. Na yafa mayafi na leƙo na ce, "Yaya, don Allah mayar da wurin nan baya."

Ya dube ni. Bai mayar ba. Ya ce wa baƙonsa shayin ya huce, ko a ƙaro?

Ban gaya wa kowa ba. Na jira har 'yata ta dawo, na jira Juma'a, na bari aka ci abinci aka ƙoshi, na kwashe faranti. Sannan na ce, "Yaya, yau ina so mu kalli fim gaba ɗayanmu. Wancan mai koren tebur."

Mijina ya yi mamaki. Yaya bai yi ba. Ya tashi ya kunna, ya kai wurin da kansa ba tare da na ce ga inda nake so ba, ya tsayar, ya ajiye rimot a kan gwiwarsa.

Na ce, "Fassara mana."

Ya kawar da kai.

Na ce, "To ni bari in fassara, tunda na iya yaren yanzu." Na faɗi abin da ya gaya wa 'yata, na faɗi abin da ya gaya wa baƙonsa. Na ce, "Baban yara, ka tambayi yayanka wanne ne gaskiya."

Yaya ya ce, "Ba sai ya tambaya ba. Maganar gidan kaka ta yi."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Maƙaryaci ya faɗi gaskiya."

Mijina ya ce, "Ke!" Tun da muka yi aure bai taɓa jin na zagi wani nasa ba. Amma Yaya ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Bar ta. Maman yara, ke ba ki zauna a ɗakin kallon da aka nuna shi a Firag ba, ni na zauna. Ina da shekara ashirin da uku, baƙi ni kaɗai a layin. Da yarinyar nan ta ce ba za ta je gidan kakarta ba, ɗakin ya yi tsit. Sai wani daga baya ya fara tafi, sauran suka kama. Kina tsammani don kaka suka yi tafi? A ƙasarsu akwai masu tace fim. Kalma ɗaya za ta sa a kulle fim a kabad, wanda ya yi shi kuma ya koma ɗaukar hoton shanu. Don haka suka koyi dabara. Su sa yarinya ta ce ba za ta je gidan kaka ba, su sa cokalin uban ya tsaya, kowa ya ji abin da ake nufi. Mai tacewa ya duba takarda, bai ga komai ba. Ni ba abin da aka faɗa nake fassarawa ba, abin da aka ji nake fassarawa."

Ya iya magana, wannan ba a raba shi da ita. Na ga mijina ya fara gyaɗa kai kamar yadda ya saba, sai zuciyata ta hau.

Na ce, "To me ya sa baƙonka bai ji abin da aka ji ba? Shi me ya sa ka ba shi kaka?"

Ban jira amsarsa ba.

Na ce, "Don shi ba shi da uban da kake son a ci wa mutunci. Shekara ashirin ɗin nan daga ina ka samo ta? A bakin Baturiyar take, ko a cikinka? Ka tafi ƙasar sanyi ka bar wa yaro uwa da uba. Shi ya ɗauke su a bayansa zuwa asibiti, shi ya wanke su, kai kana ɗakin kallo ana tafi. To ɗin da kake rainawa, ita ta riƙe gidan nan da ka gudo ka fake a cikinsa. Wata bakwai kana cin to, kana shan to, kana kwana a kan to, sannan ka ɗauki 'yarsa ka wasa ta kamar wuƙa ka miƙa masa."

Can sai mijina ya nuna talabijin, inda uban yake tsaye da cokalinsa, ya ce a hankali, "Yaya, ni ne wannan?"

Yaya ya ce, "Dukanmu ne."

Mijina ya ce, "A'a. Kai ba ka taɓa tsayawa a inda za a tambaye ka ba."

Wallahi a wannan lokacin na ji sanyi a raina, na ɗauka na gama da shi. Na juya wurin 'yata in ga yadda za ta yi da jin an yaudare ta. Tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango.

Ta ce, "Ummi, ai na sani."

"Kin san me?"

"Na san yana ƙarawa. Tun a wata na biyu. In na kara wayata a talabijin tana fassara mini. Wani lokaci daidai yake faɗa, wani lokaci ya ƙara nasa. Wani lokaci ma ya manta yaren ne, sai ya cike." Ta dubi baffanta ta ce, "Ka yi haƙuri, Baffa."

Duk abin da na gaya masa bai taɓa shi kamar wannan ba. Na ga fuskarsa ta zube. Ya sa hannu ya shafa gemunsa.

Na ce, "Kin sani, kuma kika ci gaba da zama? Kin sani, kika ɗauki ƙaryarsa kika jefi ubanki da ita?"

Ta ce, "Abin da na gaya wa Baba ba daidai na yi ba, na roƙe shi gafara tun a ranar. Amma ba a fim na samo shi ba, Ummi, yana raina tun kafin Baffa ya zo. Ni ba maganarsu nake saurare ba. Yarinyar nan da take zama a matakala, ta gama makaranta, ba ta san me take jira ba, kowa yana ce mata ta yi haƙuri. Ban taɓa ganin an yi fim a kan irina ba sai a wurin waɗannan."

Na ce, "Irinki? Waɗannan da ba su san Allah ba? Ke a Makka aka haife ki. Mutane gonakinsu suke sayarwa don su zo su yi kwana goma a inda kike kwana kike tashi."

Ta ce, "Su in sun gama suna da gidan komawa, Ummi."

Na tashi na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Hajji ya matso, an fara tsananta binciken takardu a unguwanni, kuma na Yaya ba su da ƙarfi. Mijina ya samar masa wuri a Kudai, ɗaki ɗaya da wasu dattawan Sudan uku, kusa da garejinsu, ya ce can ya fi masa sauƙin lura da shi. Ban ce a kore shi ba. Amma kafin a ce in haɗa masa kaya na riga na haɗa, na ajiye jakar a bakin ƙofa. Da zai fita ya tsaya ya ce, "Na gode da ɗawainiya." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban kira shi Yaya ba. Na wanke falon da omo har sau biyu, na juya talabijin na goge bayansa.

Na ɗauka shi ke nan, gida zai koma yadda yake. Kwanakin hajji aka tura mijina Muzdalifa da sauran makanikai, suna jiran bas ɗin da za ta mutu a hanya. Ya dawo rana ta ƙone shi, muryarsa ta dishe, ya yi kwana biyu ba ya iya cin abinci sai ruwa. A rana ta uku ya kira ni ya kira 'yarmu. Ya ce ya yi magana da wata 'yar ƙanin ubansa a Kano, akwai makarantar jinya a can, za ta riƙe ta. Ya ce fasfonmu na Najeriya ne, ubansa bai taɓa sauyawa ba, don haka ba wanda zai roƙa. Ya ce ba zai ƙara tuna wa kafili maganar ba.

Na ce, "Da wa ka yi shawara?"

Ya ce, "Da kaina."

"Ka san in aka yi mata takardar fita, katin zamanta ya mutu? Ka san ba za ta sake shigowa ba sai a matsayin baƙuwa?"

"Na sani."

"Garin da ba ta taɓa gani ba, ni ma ban taɓa gani ba?"

Ya ce, "Tambaye ta."

Ban tambaye ta ba, fuskarta ta riga ta ba ni amsa. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi sati biyu ban yi masa magana ba, na kira 'ya'yana maza su zo su hana. Suka zo, suka saurari ubansu, suka koma. Mutumin da ya yi shekara talatin bai taɓa musa wa kowa ba, a kaina ya fara koyon cewa a'a. Bayan wata uku muka raka ta filin jirgi a Jidda. Ta so ta biya Kudai ta yi wa baffanta sallama, na ce ta je da ubanta, ni ina mota.

Yanzu shekararta ɗaya da rabi a Kano. Watannin farko kullum da kuka take bugo waya. Ba wuta, sauro, zazzaɓi ya kwantar da ita sau biyu. 'Yan ajinsu suna ce mata Balarabiya, suna kwaikwayon maganarta suna dariya. A nan ita baƙuwa, a can ma baƙuwa. Na ce mata, kin gani? Ta ce ta gani, kuma ba ta yi nadama ba. Yanzu ta rage kukan, tana ba ni labarin allura da ɗaurin rauni, ta turo hoto da farar riga. Matan unguwa suna cewa in gode wa Allah. Ina gode masa. Amma ni nake guga ni nake ninki, kuma in na dafa shinkafa har yau hannuna na mutum uku yake aunawa.

Mijina yana cewa ba laifin yayansa ba ne, da fim da ba fim yarinyar za ta tafi. Wataƙila. Ni dai abin da na sani, ina da 'ya a gida, wani ya shigo da jaka ɗaya, ya fita, ba ni da ita.

Bayan ƙaramar salla sugan ya taso wa yayan mijina, ƙafarsa ta ruɓe, aka yanke masa yatsu biyu. Dattawan da yake zaune da su ba masu iya jinya ba ne. Mijina ya zauna a bakin gado ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce ko za mu dawo da shi falo, ko na wata ɗaya ne.

Na ce, "In ya shigo ta ƙofar nan, ni ta nan zan fita."

Ya ce, "Tsoho ne. Ba shi da kowa a nan."

Na ce, "Yana da kai. Ka saba."

Bai ƙara tayar da maganar ba. Ina dafa masa abincinsa daban, ba gishiri sosai, ba mai, in zuba a kula mijina ya tafi da shi, kuma kwana uku a sati a can yake kwana. Malamar da muke ɗaukar karatu a wurinta ta yi mana wa'azin zumunci makon jiya, tana yi tana kallon inda nake zaune. Na san duk abin da ta karanta, tun ina yarinya na haddace shi. Na yi istigfari a hanya, na iso gida zuciyata tana inda take.

Ranar Talata za a mayar da shi asibiti a duba ƙafar, ana tsoron sai an ƙara yankewa. Mijina ya ce ko zan bi su, ko a bakin ƙofa ne in tsaya in ce masa sannu. Na ce ina da ɗinki.